Ranar da Na Kama Fenareti

Kakar wasan da aka fara kiran mutane shan shayi, ni ne golan ƙungiyarmu. Haka muke cewa idan masu binciken sayar da wasa sun zo sun tafi da mutum: an gayyace shi shan shayi. Mataimakin kocinmu ya tafi nasa shayin tun farkon kaka, har sanyi ya shigo takalmansa suna nan a ɗakin canza kaya, an rasa mai ƙarfin halin ɗaga su.

Masana'antar ƙarfe ta garinmu ce ta kafa ƙungiyar. Daga baya mai kamfanin giya ya saye ta ya canza mata suna, mai gine-gine ya karɓa ya sake canzawa, har tsofaffin magoya baya suka gaji suka koma ce mata "tamu" kawai. Ta hau rukunin farko, ta faɗo, ta sake hawa da ƙyar. A wannan kakar wasa ɗaya ya rage, a gidanmu. Canjaras ya ishe mu tsira, baƙin kuwa dole sai sun ci.

Ban taɓa sayar da ko ƙwallo ɗaya ba, amma ina ruwan tsoro da wannan? Ɗan gaba ya ɓarar da dama, a ce ƙafa ce ta goce. Gola ya saki ƙwallo, kowa aljihunsa zai kalla.

Kafin mu fita, kyaftin ɗinmu Pang Dehai ya zauna kusa da ni. Shi ya kawo ni ƙungiyar daga makarantar wasanni, shi ya tsaya mini a bikina.

"Ƙanena Qiao, ka ci abinci kuwa? Fuskarka kamar awarar jiya."

"Cikina ne, Yaya Pang."

"Sassauta wa kanka. Ba kowace ƙwallo ce ta kai mutum ya karya haƙarƙarinsa ba."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tasa.

Ba a je ko'ina ba na gane ba tsokana ba ce. Yaya Pang, wanda ba a wuce shi sai an bar masa fatar ƙauri, yau sai ya makara da taku ɗaya. Na gefensa ya zame a busasshiyar ciyawa. Ɗan gabansu ya taho shi kaɗai, na tare da ƙirji. Ya sake tahowa, na ture ta bisa turke. Na yi wa 'yan bayana tsawa, ko ɗaya bai waiwayo ba. Nan jikina ya yi sanyi. An sayar da wasan, ni kaɗai aka ɓoye wa.

A bayan ragata akwai wasu mutum biyu da baƙaƙen riguna, ba sa waƙa, ba sa zagin alƙalin wasa kamar kowa. Ko masu bincike ne, ko yaran 'yan cacar da suka sayi wasan, ban sani ba. In na saki ƙwallo, na farkon za su ɗauke ni. In na kama, na biyun sun san fuskata. Na gyara safar hannuna, na mayar da idona kan ƙwallo.

Ana dab da tashi, babu ci, Yaya Pang ya kwashe ƙafar ɗan gabansu a gabana, a fili, ko kunyar ido babu. Fenareti.

Ya zo wucewa ta kusa da ni, kansa a ƙasa. "Hagunka zai buga," in ji shi. "Ka faɗi dama. Don Allah, Wenlong."

Wenlong sunana ne na yanka, Qiao na gidanmu; bai taɓa kirana da na yankan ba, bai kuma taɓa roƙona komai ba.

Na so in faɗi dama, ba zan ɓoye ba. Amma da yaron ya buga, jikina bai nemi shawarata ba. Na tsinci kaina a hagu, ƙwallo a cikina.

Filin ya kaure da ihu, ganguna suka ɗauka, tsofaffi suna kuka suna kiran sunana. Alƙali ya busa tashi, mun tsira. Na miƙe na buɗe hannu ina jiran a rungume ni. Abokan wasana goma suna tsaye inda suke, fuskokinsu sun yi fari fat.

Yaya Pang ne kaɗai ya zo. Ya rungume ni don idon jama'a, na ji ƙirjinsa yana bugawa fiye da nawa.

"Na gaya wa 'yan cacar za ka ji maganata," ya ce a kunnena. "Kira matarka ta tafi gidan iyayenta yanzu. Kai kuma kada ka bi hanyar da ka saba."