Azarar Ɗakin Iya

Shekarar da gobara ta ci unguwar masaƙa a Gagarawa, bukkar Iya, uwar Barau, tana cikin waɗanda suka ƙone. Tsohuwa ta koma kwana a zaure. Barau ya rantse ba za ta ƙara kwana ƙarƙashin ciyawa ba, soro zai gina mata kafin ruwan fari. Saura wata biyu.

Ya sa aka yi tubali, ya kira Ilu magini, ya zana masa ɗakin a ƙasa da ƙafa, faɗi kamu takwas.

Ilu ya dubi zanen, ya ce, "Ina azarar rufi?"

"Rufi ai sai ƙarshe, Baba Ilu. A fara bango."

"Ba na ɗora tubali sai na ga itacen da zai hau kansa."

"Baba, kwanaki nake ƙirgawa."

"Ni ma su nake ƙirgawa. Je ka kawo."

Barau ya kora jakuna zuwa kasuwar Maigatari, yana ƙunƙuni har ya isa. Ya zaga masu itace kaf. Giginya ba ta da yawa a ƙasar nan, azarar da aka kawo kuwa mafi tsawonta kamu biyar. Ya auna da hannunsa sau uku, ba ta ƙaru ba. Da an bi zanensa, da bango ya tashi babu abin da zai haɗa bakinsa, ga tubali ya ƙare, ga kududdufi ya ƙafe.

Ya sayi azarar, ya dawo, ya sauke kaya. Ilu ya shimfiɗa azara ɗaya a ƙasa, ya shafe tsohon zane, ya ja sabo, faɗi kamu huɗu. Ya tambayi Iya inda take son ƙofa, ya nuna inda indararo zai zubar da ruwa. Sannan ya ce a kwaɓa ƙasa.

Ruwan fari ya sauka da la'asar, kwana shida bayan an gama rufi. Barau ya tsaya tsakiyar ɗaki, kai a sama, yana neman ɗigo. Iya tana gefe tana kaɗi.

"Ya yi ƙanƙanta, Iya."

"Rawa zan yi a ciki? Matsa, ka tare mini haske."

Da ruwa ya ɗauke, Barau ya ja ragonsa har ƙofar Ilu, ya durƙusa.

"Baba, Allah ya saka da alheri."

"Ya ɗiga?"

"Bai ɗiga ba."

"To, ɗaure shi can."