Ƙafa Takwas da Suka Ɓata a Gidan Marka

Malam Murtala mai koyar da zanen gini a Talata Mafara ba ya son littafi da yawa. Kowace shekara sai ya ce wa ɗalibai kowa ya auna gidansu, daga zaure har rumbu, ya zano masa. Mutum ne mai saurin fushi, ga taurin kai, Allah ya sani.

Da ya duba zanen Amatullah, ɗiyar Birnin Tudu, sai ransa ya ɓaci. Katangar baya ƙafa arba'in ce ta waje, amma ɗakunan ciki talatin da biyu kawai suka ci.

"Ina sauran takwas? Ci kika yi?"

"Wallahi Malam, sau uku na auna."

Ranar Asabar da hantsi ya hau babur da tef ɗinsa na awo, don ya kunyata ta a gaban mutanensu. Kakarta Marka ta tarbe shi a zaure, aka yi doguwar gaisuwa. Ya auna waje, ya auna ciki. Yarinya dai tana da gaskiya. Tsakanin ɗakin Amatullah da rumbu akwai bango shafaffe, babu ƙofa, babu taga. Ya ƙwanƙwasa, ya ji fanko.

"Inna, ɗaki ne nan. Don me kuka toshe shi?"

Tsohuwa ta ce:

"Ɗakin ƙanwata Taiba ne. Ba mu muka toshe ba, Malam. Ita ta yi ta yaɓe bakin ƙofa, kaɗan-kaɗan, muna cewa tsafta ce. Wata rana muka dawo biki daga Maradun, babu ƙofa. Maza suka fasa, ba kowa ciki. Kafin sati ramin ya koma."

Duk da haka taurin kai ya hana shi tafiya. Ya ce bari ya ƙarasa aikin da ya kawo shi. Ya ɗora tef a ƙofar ɗakin Amatullah. A zanenta na makon jiya faɗin ƙofar ƙafa uku ne. Yanzu biyu da rabi.

Ya taɓa gefen ƙofar. Yaɓen ɗanye ne, jar ƙasa da haki, ga sawun yatsu an ja su daga sama zuwa ƙasa, sirara, na mace.

"Wa ya yi muku yaɓe yau?"

"Babu kowa, Malam," in ji Amatullah. Ta miƙo hannu za ta karɓi bakin tef ɗin.

Nan tsoro ya kama shi sosai. Ƙarƙashin kowane farcenta cike yake da jar ƙasa, ba ta ma bushe ba. Yarinyar ta bi idonsa, ta tsaya tana kallon hannunta kamar na wani.

"Inna," ya ce a hankali, "a fitar da gadon yarinyar nan yanzu, tun yana iya wucewa."