Ƙanwar da Na Ba Ka

…kalma ɗari da hamsin, ta ce, kada su wuce. Shekara hamsin mutum yana leƙen duniya ta idon kyamara, a dunƙule shi a kalma ɗari da hamsin. Na ƙirga, ɗari da arba'in da bakwai. Na sake ƙirgawa, ɗari da hamsin da biyu. Takardar ba ta canza ba. Ni ne.

Ƙarfe sha ɗaya autarka za ta zo karɓa. Daga nan sai wurin mai bugawa, daga can sai bangon ɗakin da za a baje hotunanka, dab da ƙofa, inda kowa zai fara tsayawa kafin ya ga hoto ko ɗaya. Yanzu ƙarfe… ina tabarau? Ga shi a goshina. Goma da kwata.

Tsaya-cik. Ko a takardar nan sai da na rubuta haka, na goge, na sa sunanka na gaskiya, ya yi mini kama da na baƙo. Kai ka jawo wa kanka. Jariri ne, alƙali ne, akuyar wani ce, duk ɗaya: "Tsaya cik! Kar ka motsa!" Yau wata bakwai kai ne a tsaye cik, a kwance, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya tafi. Sai ido.

"Baba Malam, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka san shi tun yana da gashi," in ji autarka. Bakinka ta ɗauko, yarinyar nan. "Masu shirya abin sun ce kar a jero musu shekaru da lambobin yabo, kowa yana da su. A faɗi abin da ya sa ya ɗauki kyamara. Labari ɗaya, amma na gaskiya."

Na gaskiya… Shekara talatin da biyar ina koyar da tarihi, jan biro a hannu, ina cika gefen takardun ɗalibai: wa ya faɗa maka? A ina ka gani? Wata ɗaliba har kuka ta yi mini a ofis — ko ɗalibi ne? An dai yi kuka.

Ga abin da na rubuta, layi uku a tsakiya, su ne ran takardar:

"Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ƙanwarsa ta rasu, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Bayan shekara biyu ya ji mahaifiyarsu tana tambayar maƙwabciya a wane kunci tawadar Allah take a fuskar yarinyar. Tun daga ranar bai yarda wata fuska ta wuce shi haka kawai ba."

Bai ba ni wahala ba. Da kansa ya zubo, kamar an buɗe famfo. Shekaranjiya na karanta maka a gefen gadonka, ƙamshin man zafi, fanka tana juyi a hankali, autarka ta toshe baki da gyale. "Ashe ina da gwaggo? Bai taɓa faɗa mana ba… Ya sunanta, Baba Malam?" Na ce zan tuna. Kai kuma hawaye ya gangaro maka ta ido ɗaya har cikin kunne. Na dawo gida ina jin na yi aikin kirki na ƙarshe a rayuwata.

Sai yau da safe. Babban ɗana, kofin shayi a hannu, ya tsaya kan tebur yana karantawa, ya tuntsire da dariya. "Baba, yaushe gwaggonmu ta koma gidan su Tsaya-cik? Aronta ka ba su?" Ya dube ni, dariyar ta mutu. "Ai ƙanwarka ce. Kai ka sha ba mu labarin nan muna yara." Ya ajiye kofin a hankali kamar a ɗakin mara lafiya, ya ce ya makara, ya fita.

Ƙanwata?

To, a bi shi yadda ake bin kowane labari. Wa ya gani? Ni. Me na gani? Ɗaki mai rufin kwano, kwanon ruwa da tsumma a ciki, ƙafafu biyu ƙanana sun leƙo daga mayafi. Ƙofa shuɗiya. Ƙofar wa? Gidajenmu bango ɗaya ya raba su, fenti ɗaya aka saya aka shafa wa duka biyun. A gidanku nake cin na rana, a gidanmu kake cin na yamma, duk wanda ya yi laifi uwar da ta fi kusa ita ke jan kunne. Inna nake ce wa taka, Inna kake ce wa tawa.

Mace tana shanya, ta ba ni baya, tana magana ta saman bango: "Don Allah, hagu ne ko dama?" Ɗayar tana can bayan bangon. Ina ganin igiyar, ina ganin rigar da ke ɗiga. Juyo mana, Inna, in ga wace ce ke… ba ta juyowa. Ɗaya ta yi tambaya, ɗaya aka tambaya, su biyun nan ne dai, kuma dukansu suna ƙasa.

Layin gidajen namu ma babu shi. Titi ya bi ta kansa, gidan mai ne a inda ɗakin yake. Wa zan tambaya, mai zuba mai?

Amma ɗana shaida ne. A'a. Ɗana daga bakina ya ji, ni ne dai. In ɗalibi ya kawo mini irin wannan shaidar, jan biro zai sha. Wa ya sani ko tun can na ɗauke maka ita, na kai wa 'ya'yana don su ma su sami gwaggo? Ko kuwa tawa ce, na riƙe ta shekara sittin da wani abu, tsufa ya zo ya miƙa maka?

Ɗakin wankin hotonka, bayan shago, jan ƙwan lantarki, warin maganin nan mai shiga maƙogwaro, fuskoki suna tasowa daga farar takarda a cikin ruwa, masaƙa, masu ɗinki, ma'aikatan jirgin ƙasa… A nan aka ba da labarin, na tabbata. Murya tana cewa "da ma akwai hotonta ko ɗaya." Muryar wa? A duhu ba a ganin bakin mai magana. Ni ma fa, me ya kai ni tonon tsofaffin takardu, ina neman sunayen mutanen da ba wanda ya damu da su? Labarin ya zauna mini daidai. Ya zauna maka daidai.

Hawayen nan naka… Likita ya ce masu irin ciwonka ko an ce musu sannu sai su yi kuka. To na mene ne? Na tuna maka ita? Ko kana kwance kana jin ina ɗora maka gawar da ba taka ba, a gaban 'yarka, ba ka da bakin cewa "Ƙarya kake, Malam, je ka sha shayi," yadda ka saba? In je in ce ka matse hannuna in gaskiya ne? Komai matsewa kake. Ran nan na ce ai na fi ka kyau tun muna yara, ka matse.

Sha ɗaya saura goma.

In soke layi ukun. Me ya rage? An haife shi, ya buɗe shago daura da gidan waya, ya ɗauki hotunan ma'aikata, ya samu lambar yabo biyu. Duk gaskiya, kuma ba kai ba ne. Sannan in dubi autarka in ce gwaggon da na ba ki shekaranjiya, kawo ta, kuskure ne…

In bar su. Ɗaruruwan mutane su tsaya su karanta, 'yan jarida su kwafa, wani ɗalibi ya sa a littafinsa ya ce ai amininsa ne ya rubuta, malamin tarihi. Haka ƙarya take samun gindin zama, na san hanyar, na koyar da ita.

Amma ita fa? Ko ƙanwar waye ce, ta yi rai. Ƙafafun nan na gan su. Ba hoto, ba takarda, sunan ma na neme shi tun shekaranjiya — yana farawa da… a'a. In na soke, ba sauran wuri a duniya da aka ce ta taɓa zuwa. Kanka a rufe, nawa yana yoyo.

Hon ɗin mota a ƙofa. Ta yi sauri, ko agogon ne?

Hanyar makaranta, mu biyu, jaka ɗaya muke karɓa-karɓa. Gudu a bayanmu, takalmi ɗaya yana faf-faf, ɗayan ya faɗi can baya. "Yaya! Yaya, ku jira ni!"

Muka juya. Mu biyun duka muka juya…

"Baba Malam, ina kwana? An gama?"

Ta miƙo hannu. Biro yana buɗe a damana, takarda a haguna, ta kama gefe ɗaya tana murmushi, tana ɗan ja — ban ba ta ba, ban hana ta ba. Yatsun ne dai… sun ƙi buɗewa.