Daidai Ido

Tun ranar Asabar ɗin da Ruhaina Issah ta ɗaga kyamara ta daidaita ta da idon kakanta, tsohon bai sake kiran ta Amarya ba. Madam yake ce mata. In ta shigo masa da kokon safe sai ya gyara zama, ya dafa aljihun ƙirjinsa, ya jira a tambaye shi.

Abin ya faru ne a ƙarshen watan Mayun 2024, a wani gidan haya mai ɗaki tara a unguwar Nima, cikin Accra, kusa da babbar kwata. Ruhaina tana da shekara ashirin da huɗu, tana ajin ƙarshe a wata makarantar koyon aikin talabijin da ke Accra. Kakan, Alhaji Husseini, shi ya haifi mahaifiyarta Zalia. Tsohon mahauci ne, shekararsa saba'in da takwas. Tun ranar sunanta yake kiran ta Amarya, irin wasan kaka da jika, ita kuma da ta iya magana ta riƙa ce masa Ango.

Binciken da za ta kammala karatu da shi a kan tsayin kyamara ne: yadda ɗora ta sama, ko ƙasa, ko daidai ido, ke sauya yadda mai kallo ke ɗaukar mutumin da aka nuna masa. Ta yi wata huɗu tana tattara rahotannin talabijin a kan Nima. Ta samu sittin. A arba'in da bakwai daga ciki, daga saman bene aka ɗauko unguwar: kwano mai tsatsa, kwata, kawunan mutane kamar tururuwa. Kashi na biyu na aikin shi ne ta ɗauki mutum ɗaya na Zango, wato unguwannin baƙi irin su Nima, yadda ya kamata a ɗauke shi, aƙalla minti goma sha biyar. Ta rubuta sunan kakanta a takardar neman izini, makaranta ta amince.

Ta yi ɗaukar farko a watan Maris, kwana uku kafin azumi, bayan la'asar. Alhaji Husseini yana kan kujerarsa ta katako a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe shi, kuma kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, ba ta tashi ba. Ta zauna a tabarma, ta ɗora kyamarar a gwiwarta. Ƙafafun ƙarfen da makaranta ta ba ta don kafa kyamarar suna jingine da bango, a naɗe. Bai zo mata a rai ba cewa ta yi wani zaɓi.

"Amarya, wannan abin naki yana cizo?"

"Sai wanda bai biya sadaki ba, Ango."

"To na shiga uku. Kunna mu gani."

Ya yi magana minti arba'in da ɗaya. Ya kalli carbinsa, ya kalli bango, ya kalli wata kaza da ke tono a gefen famfo. Jikarsa bai kalla ba, ita ma ba ta ɗaga kai ta ƙura masa ido ba, a ƙaramin gilashin kyamarar take ganin sa. Ya faɗi yadda ake fiɗa a unguwar Sabon Zango ta Accra a zamanin mahaifinsa, da shekarar da suka dawo Nima. A minti na ashirin da shida muryarsa ta yi ƙasa.

A watan Nuwamban 1969, in ji shi, gwamnati ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Yana da shekara ashirin da uku. Wansa Izzuddeen an haife shi ne a Dosso, ta Nijar, kafin iyayensu su sauko. Shi kuwa a Sabon Zango aka haife shi. An kwashe su tare daga kasuwa zuwa wani ofis.

"Sai wani jami'i ya zaunar da ni a kujera, shi ma yana kan kujera, tebur a tsakaninmu. Ya kunna fitila da rana tsaka. Ya ce in dube shi a ido. Ya ce, ina ne garinku? Na amsa masa da yaren Ga, don ya ji bakina na nan ne. Sai ya nuna taga. Izzuddeen na tsugune a rana tare da sauran. Ya ce, wancan fa?"

Tsohon ya ja carbi uku.

"Na ce ban san shi ba."

Washegari motar kwashe baƙi ta tashi da Izzuddeen. Wasiƙa ba ta taɓa zuwa ba. Zalia tana wanke tukwane a bakin famfo lokacin da ake wannan magana. Shekararta hamsin da ɗaya, kuma ranar ta fara jin cewa mahaifinta yana da wa.

Kwamitin malamai uku ya zauna kan aikin ranar Talata, 14 ga Mayu. Babu mai jin Hausa a cikinsu. Ruhaina ta sa fassarar Turanci a ƙasan hoton, amma sun tsayar da shi a minti na bakwai. Mista Lamptey, malamin da ke duba bincikenta, ya buɗe rubutunta ya juyo mata shafin.

"Malama Issah, shafi na goma sha tara. Kin ce in aka ɗauki mutum daga ƙasa, mai kallo zai gan shi a matsayin mai iko ko abin tsoro. Ke kika rubuta. To me ya sa kyamararki ke ƙasa tun daga farko har ƙarshe?"

"Kakana ne, Malam."

"Wannan ba dabarar kyamara ba ce."

Wata malama a kwamitin ta mayar da hoton baya kaɗan, ta tsayar da shi inda tsohon ke kallon bango. "Kuma ko sau ɗaya bai dubi kyamara ba. Ni dai in na ga wannan a labarai, cewa zan yi mutumin nan yana ɓoye wani abu."

Sun ba ta maki arba'in da huɗu. Hamsin ake nema. Dokar makarantar ta ba ta dama ɗaya ta sake ɗauka cikin mako biyu. Wanda ya faɗi sau biyu sai ya maimaita shekara, kuma gurbin hidimar ƙasa da wani gidan talabijin ya ajiye mata zai koma hannun wani. Ta tambaya ko za ta iya sauya mutum. Aka ce mata sabon izini mako shida yake ɗauka. A bakin ƙofa ta roƙi Mista Lamptey ya kalli abin da ke minti na ashirin da shida.

"Ba labari muke dubawa ba," in ji shi. Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ma zauna ya rubuta mata abin da za ta yi a bayan wata takarda: a kafa kyamara a ƙafafunta, daidai idon mutum, mai tambaya ta zauna a kujera mai tsayi ɗaya da tasa, fitila ta hagu, ya kalli idon kyamara, a fara da tambayoyi masu sauƙi, suna, shekaru, gari.

Zalia ta karanta takardar sau biyu a ɗakin girki.

"Kujera? Gaban Baba? Mutanen gida duk suna kallo fa."

"Minti ashirin ne kawai, Mma. A ɗaki za mu yi."

"Makarantar nan taku kraa, ni sam ban gane mata ba. Kuma kin san tun bayan Salla ba daidai yake ba. Shekaranjiya da sunan marigayiya kakarki ya kira ni, sau biyu."

"In ban yi ba shekara ta tafi."

Zalia ta miƙa mata takardar. "To ki gaishe shi tukuna yadda aka saba. Kar ki shiga masa a tsaye."

Ranar Asabar, 25 ga wata, da hantsi, Ruhaina ta gaishe shi yadda aka saba. Ya tambaye ta ko ta zo karɓar sadakin ne. Ta ce yau ma ya tsira. Sannan ta rufe taga don hasken waje kada ya riƙa sauyawa, ta jawo ƙaramin tebur ta ɗora makirufo, ta auna tsayin idonsa da igiyar awo, ta ɗaure kyamarar a santimita ɗari da goma sha biyu. Tana sanye da baƙar rigar makaranta mai tambari a ƙirji. Ta aro kujera daga ɗakin maƙwabta. Ta zauna a kanta. Ta kunna fitila.

Daga inda yake zaune, hasken ya shafe fuskarta. Abin da ya rage masa shi ne tebur, da baƙar riga, da murya. Ita ba ta san haka ba, domin a gilashinta hoton ya yi kyau ƙwarai.

"Alhaji, ka dube ni nan. A ido."

Ya duba.

"Sunanka?"

"Husseini."

"Shekarunka nawa?"

Ya ci gaba da kallon kyamarar. Ta wuce zuwa tambaya ta uku kamar yadda take a takarda.

"Ina ne garinku?"

Carbin ya zame daga hannunsa ya faɗi ƙasa, bai sunkuya ba. Da ya buɗe baki, da yaren Ga ya yi magana, yaren da Zalia, wadda ke tsaye bayan labule, ba ta taɓa jin ya yi shi a cikin gida ba. Ya ce a Sabon Zango aka haife shi. Ya faɗi sunan ungozomar, da sunan limamin da ya raɗa masa suna. Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya ciro katin ɗan ƙasa, ya riƙe shi da hannu biyu kusa da haɓarsa. Idonsa bai bar idon kyamarar ba ko ƙiftawa.

Ruhaina ta ɗauka in ta kai shi ga labarin zai dawo daidai.

"Ba ni labarin wanka, Izzuddeen."

"Ban san shi ba, Madam."

"Ango, ni ce fa. Amarya ce."

"Madam, a nan aka haife ni. Ki tambayi kowa."

Zalia ce ta shigo ta zare wayar fitilar daga bango. Ruhaina ta sauka daga kujerar ta durƙusa a gabansa, ta ɗauko carbin ta sa masa a cinya. Bai dube ta ba. Kujerar da ta tashi a kai yake kallo, katin yana hannunsa. Abin da aka ɗauka minti huɗu ne da daƙiƙa tara.

Ranar Lahadi ta sa atamfa, ta shiga ba kyamara, ta zauna a tabarma a inda take zama. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta ko akwai sauran tambaya. Ranar Litinin suka kai shi wani asibiti a Maamobi. Likitar ta ce tsufa ne, irin wannan yakan zo ya tafi, wani lokaci kuma ya zauna. Zalia ba ta yi wa 'yarta faɗa ba. A cikin trotro, motar haya, a hanyar dawowa, ta sa tsohon a gefen taga, ta zauna a tsakaninsu.

Ranar Talata wa'adi ya cika. Ruhaina ba ta da wani abin miƙawa sai minti huɗun nan, ta miƙa. Mista Lamptey ya kalla a ofishinsa tana tsaye. Shi mutumin Ga ne, wannan karon bai buƙaci fassara ba. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar baya zuwa inda tsohon ya ce bai san Izzuddeen ba, ya tsayar da hoton.

"Yanzu kika yi aiki," in ji shi. "Haske daidai, tsayi daidai. Dubi idonsa. Duk wanda ya ga wannan ya san mutumin nan gaskiya yake faɗa."

Ruhaina ta dubi hoton. Ta ce, "Na gode, Malam."

Sai dai ya ce tsawon bai kai minti goma sha biyar da doka ta nema ba, don haka ba shi da ikon sa hannu shi kaɗai. Dole kwamiti ya sake zama ya duba ko za a karɓa haka. An sa ranar zaman a Yuni, aka ɗage saboda ɗaya daga malaman ya yi tafiya. An sa a Yuli, aka ɗage saboda jarrabawa. Gidan talabijin ɗin ya aiko mata da saƙo cewa zai riƙe gurbin zuwa ƙarshen Agusta.

Faifan farko yana cikin akwatin kayanta, ƙarƙashin atamfofi. Ban da ita, babu wanda ya kalle shi ya wuce minti na bakwai.

Yanzu Zalia ce ke kai kokon safe. Ruhaina takan tsaya a bayan labule. Alhaji Husseini yana kwana da katin a aljihu, ko wanki za a yi sai an lallaɓa shi kafin ya cire rigar. Kowace safiya, kafin ya karɓi kofin, yakan yi ƙasa da murya ya tambayi 'yarsa:

"Madam ɗin nan, ta ce takarduna sun yi?"

"Ba ta ce ba tukuna, Baba."

Ya zuwa ranar 19 ga Agusta, kwamitin bai sa sabuwar ranar zama ba.