Majiya Uku, Baki Guda

Babban manazarcin sashen tsaro maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta jefa wani mai sayar da takin zamani a bayan kanta. A ofis Na-riga-kowa ake ce masa, don rahotonsa kullum shi ke fara sauka a teburin Darakta.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Ba a rubuta "an tabbatar" sai majiyoyi biyu da ba su ji daga juna ba sun faɗi abu guda. Shi kuwa ya ce uku gare shi: ɗan sanda, direban babbar mota da mai gadin layi, duk sun ce ana haɗa bam a shagon mai takin.

Mataimakiyarsa, wadda ke tace masa bayanai, abin bai kwanta mata ba. Ta kira su a waya ɗaya bayan ɗaya, tambayarta guda: "Da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi?" Ɗan sandan ya ce daga direba ya ji. Direban ya ce daga mai gadi. Mai gadin ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ni me na gani, 'yata? Mai gidan da ya ba shi hayar shagon ne ya faɗa min. Ai ya daɗe yana neman hanyar korarsa."

Ta iske babban manazarcin a ofishinsa, ya miƙe ƙafa kan tebur.

"Yallaɓai, majiyoyin nan uku daga baki guda suka fito."

"Na sani, ƙanwata. To in ta zama gaskiya fa, wa za a yaba?"

"In ta zama ƙarya, wa ke kwana kan siminti?"

"Ke, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ƙarin girmanki a hannuna yake."

Ta juya ta fita. A taron safe, gaban kowa, ta roƙi Darakta ya kira mutanen uku da kansa, ya buɗe muryar waya. Ya kira. Suka maimaita abin da suka gaya mata. Da aka buɗe shagon, taki ne kawai da buhunan iri.

Kafin la'asar mai takin ya koma wurin iyalinsa. Na-riga-kowa kuwa, an karɓe katinsa na shiga ofis, an kore shi daga aiki, an miƙa shi kotu.