Tokar Gwamnati a Rumbun Wake

Shekarar da kuɗin fetur ya hau wa gwamnati kai, aka zo bayan garinmu Wagini aka gina wani ƙaton murhu na bulo mai dogon bututu, wai na ƙona shara. Mu da awaki ke cinye mana sharar! Ashe ba tamu za a ƙona ba. Tifa ce ke zuwa daga birni da gwangwanayen maganin feshin auduga da matattun batura da tsummokaran asibiti, a juye, a cinna wuta.

Mutum ɗaya ne ya ce a dakata, Malam Uwaisu, duba-garin Batsari. Bai ce guba ce ba. Cewa ya yi bai sani ba, kuma abin da ba a sani ba, ba a kai shi kusa da bakin mutane. Ɗan kwangilar da ya gina murhun ya ce tunda ba a ga illa ba, ai babu illa ke nan. Maza suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru, har da maigidana, Baban Uwani.

Kowa ya san yadda muke ajiyar wake: a cakuɗa shi da toka, a zuba a rumbu, a liƙe, don kada ƙwari su huda shi. Sai ga toka tsibi guda a bayan gari, kyauta. Ina can garin Zakka ina jinyar innata, maigidan nawa, bawan Allahn nan, ya ɗaura wa jaki mangala ya yi ta jido, ya haɗe ta da waken shekara kaf. Waken da ni da yara muka rora har bayanmu ya ƙage. Shi ne cinmu, shi ne ƙosan da nake sayarwa har damina ta faɗi.

Na dawo ya tare ni baki har kunne. "Hansai, zo ki ga aikin tokar gwamnati. Ko ƙwaro ɗaya babu!"

Na buɗe rumbu, wani wari ya doke ni irin na maganin feshi. A gindin rumbun ga ɓeraye a sandare.

"Malam, me ya kashe waɗannan?"

"Ajali."

Ajali! Ku ji mani mutum.

Na ƙulle tokar a tsumma na tafi Batsari. Malam Uwaisu ya shinshina, ya ce:

"Wallahi Hansai ban sani ba. Tun kaka na aika da irinta Kaduna a gwada, shiru kake ji. Wataƙila in kin wanke ta fita. Wataƙila ta riga ta shige ƙwayar."

"To in ba yara ko kar in ba su?"

"Da nawa ne ba zan ba su ba. Amma ba ni da abin da zan ba ki a madadinsa."

Na koma gida zuciyata na tafasa. Na ɗebi waken na wanke har hannuna ya yi fari, na dafa, na sa manja da yaji, na dire a gaban maigida.

"Bismillah, Malam. Kai ka ce lafiya lau ne."

Ya wanke hannu. Ya dubi akushin, ya dubi ƙasa. Wai tun safe cikinsa ke murɗawa. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Bari ranar kasuwa in kai shi Batsari. Mai saye ai bai sani ba."

"Au, 'ya'yan wasu ba 'ya'ya ba ne?"

Yana fita sallar la'asar na shiga kwasa, ƙwarya bayan ƙwarya, ina juyewa a ramin da muka haƙi ƙasar gini. Ina kuka ina tsine wa ɗan kwangila, da tifarsa, da duk wanda ya gyaɗa kai. Na tuttula kananzir a kai don kada yunwa ta sa mu tono, na rufe da ƙasa.

Daminar nan tafasa da rama muka ci. Asta, autata, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, da ƙyar ta kai kaka. Daga Kaduna kuwa ko uffan.

Har gobe in maigidana ya zauna cikin mutane sai ya ce na binne abinci mai kyau na sa 'ya'yansa yunwa. Abin da ke ƙona mani rai shi ne, ba ni da bakin ce mashi ƙarya yake yi.