Ƙwaryar Halima Mai Nono

A da, kafin hanyar Yashe ta zama abin tsoro, Halima mai nono takan biyo ta gidan ƙanwata Hawwa'u duk ranar kasuwar Kusada. Ta sauke kaya, ta sha ruwa, su zauna suna kushe mazajensu suna dariya. In za ta koma ruga sai ta bar ƙaramar ƙwaryarta da nono a ciki, Hawwa'u ta cika mata da gero kafin wata kasuwar. Ba a mayar wa mutum da ƙwarya babu komai a ciki. Haka muka taso muka tarar.

Ƙwaryar ta taɓa tsagewa, Halima ta ɗinke ta da jan zare. Ni in na kalli ɗinkin sai in ga kamar jerin tururuwa masu neman gida. Hawwa'u takan ce, "Yaya, kai dai ba ka da aikin yi."

Sai fitina ta shigo. Aka ƙone rugage, wasu samari suka shiga daji da bindiga, Halima ba ta sake zuwa ba. Ƙwaryar ta yi ta zama kan randa. Bara da damina kuma aka ɗauke Haladu, mijin Hawwa'u, yana cikin gonarsa a Dudunni.

Da aka shirya zaman sulhu gindin wata tsamiya, dattawa suka ce maza kaɗai za su je. Hawwa'u ta hau acaɓa ta biyo mu, ƙwarya a cinya.

Aka yi ta maganar burtali da mashaya da wanda ya fara. Babu wanda ya ambaci Haladu. Jagoran mutanen dajin, Nagoggo, yana ta duban sama. Ni ma can nake dubawa, don wata balbela ta kasa samun reshen da za ta sauka.

Hawwa'u ta ratsa tabarmi ta dire ƙwaryar gabansa, cike da gero.

"Kai ne Nagoggo na Halima? Mai majinar nan da ke cinye mini ƙuli-ƙuli?"

Yaransa suka gyara bindigogi. Shi ko ɗinkin yake kallo.

"Inna, wannan ba wurin mata ba ne."

"Ba wurinka na zo ba. Kai wa uwarka kayanta, ta bari a gidana."

Ya shafa jan zaren da ɗan yatsa. "Ta rasu, Inna."

Hawwa'u ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Allah ya jiƙan ta. To kai ka gaje ta, ɗauki."

Ya ɗauka da hannu biyu. Aka tashi taro ba a cimma komai ba.

Ranar kasuwa da hantsi muka hango wani tsoho ya biyo hanyar Yashe, ramamme, yana tafiya a hankali kamar mai koyon tallan nono. Haladu ne, ƙwarya a kansa, an rufe da faifai.

"Sun ce in na zubar in koma," in ji shi.

Hawwa'u ta karɓa, ta buɗe, ta kurɓa. Ta goge ido da gefen mayafi.

"Ya yi ruwa. Halima ba ta taɓa kawo mini irin wannan ba."

Ta juye nonon, ta wanke ƙwaryar, ta nufi rumbu.